Waiwaye: Da Famfas Ya Fi Ƙarfin Aljihu

Duk mai shiga gidajen Gezawa, ko na Jogana da Tsamiya Babba, ya lura igiyar shanya ta sake kama a 'yan shekarun nan. Fararen ƙyallayen nan masu kusurwa huɗu, da muka ɗauka mun yi ban kwana da su, sun dawo tsakar gida. Nafkin ke nan. Ba wata ƙungiya ce ta zo ta yi wa mata wa'azinsa ba, tsada ce ta dawo da shi.

A zamanin iyayenmu, tsohon zanin da ya sha wanki ya yi laushi ake yayyagawa a yi wa jariri ƙunzugu. Masu hali su aika Kantin Kwari a sayo nafkin na tawul, da fil mai kulle, da wandon roba. Kuma uwa ba ta jira sai yaro ya ɓata jikinsa. Tun yana 'yan watanni, da ya sha nonon asuba sai ta miƙe ƙafafu ta ɗora shi a kai, yau da gobe har cikinsa ya san lokaci. In ya fara zama a koma fo. Saboda haka wankin bai kai yadda 'yan yanzu suke tsoro ba. Ko littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun san halin mai goyo: sun yi mata rangwame kan abin da ya taɓa tufafinta in dai tana iya ƙoƙarinta, suka kuma so ta ware zanen sallah daban.

Pampers ya shiga kasuwar Amurka tun 1961, amma ya daɗe a nan yana kayan 'yan birni. Abin da ya kawo shi ƙauye shi ne fasa leda a sayar da shi ɗai-ɗai a kemis da shagon unguwa, ga kuma masu rangwamen kuɗi irin su Molfix, na kamfanin Hayat na Turkiyya da ya kafa masana'anta a Agbara ta jihar Ogun. Nan da nan ya shiga kayan barka, ya zama abin da ake leƙawa a ɗakin mai jego. Wadda aka ga nafkin a igiyarta, sai a koma gefe ana cewa mijinta ya gaza. Ban ga laifin matan da suka rungume shi ba. Mace tana fama da wankan jego safe da yamma, ga girki, ga yara, ga surfe, wa zai ce kada ta karɓi abin da zai ba ta barcin dare?

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta. A Disambar shekarar Procter & Gamble, masu Pampers, suka ce sun daina sarrafa kaya a Najeriya, sai dai su shigo da su daga waje. A 2024 Kimberly-Clark, masu Huggies, suka sanar da rufe masana'antarsu ta Ikorodu a Legas. Jaririn da ake sauya wa famfas sau shida a yini yana cinye 180 a wata, sama da 2,000 a shekara. Manomin da ke auna gero da kwano, daga ina zai fitar da wannan?

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tayar min da hankali. Kunya ta hana mata da yawa komawa nafkin, sai suka shiga ja wa famfas ɗaya rai, a ɗaura da hantsi, ba za a cire ba sai magariba. A gidan ƙanwata na ga sakamakon. Da aka kwance wa yaron, matsematsinsa ya yi ja wur, fatar ta saɓule, ko ruwa ya taɓa sai ya canyara ihu. Inna tana zaune a bakin ƙofa, ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki tsoron Allah? Ɗauko min tsohon zanina na cikin adaka." Ƙanwata ta ce, "Inna, mutane fa za su gani." Inna ta ce, "Su gani mana. Da shi na raine ki, me ya same ki?" A ranar aka bar yaron ya sha iska a tabarma, aka shafa masa man kaɗanya, aka yanka zani. Kafin mako ya zagayo fatar ta kama.

Sai dai a faɗi gaskiya, nafkin ba ya yafe ƙazanta. Da ya jiƙe a cire shi, domin ba shi da garin nan na cikin famfas mai zuƙe fitsari ya kumbura. Kashin a kankare shi a masai, ba a bayan katanga ba. Maganar da ake yi cewa kashin jariri ba ya cutarwa ba ta da tushe. Ta bayan gida kwalara da shan inna suke yaɗuwa, kuma mutanen Kano ba sa bukatar a tuna musu wahalar da aka sha kafin a tabbatar wa Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020. A fara ɗauraye nafkin da ruwan sanyi, a jiƙa a bokiti mai murfi wanda ba a haɗa shi da na girki, a wanke da sabulu, a yi ta ɗauraya har kumfa ta ɗauke, don sauran sabulu ma yana cin fata. A shanya a igiya cikin rana, kada a baza a ƙasa, saboda akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufa, tsutsarsa ta shiga fatar yaro. Da damina, in rana ta ƙi, dutsen guga na gawayi ya ƙarasa aikin. Wandon roba kuma a bar shi sai za a unguwa, zafinmu ba ya ɗaukar sa yini guda. Mata da yawa sun tsaya a tsakiya: nafkin a gida, famfas ranar asibiti ko biki. Wannan dabara ce mai kyau.

Akwai kuma gona. Ƙasar Gezawa ba ta hutawa, shekara da shekaru ana nomanta ba a bar ta saura ba, kuma taki ne ya riƙe ta. Wannan ne ya kawo masana irin su Michael Mortimore ƙauyen Tumbau suna nazarin yadda ƙasa mai cunkoson jama'a haka ba ta mutu ba. A da, jakuna ne ke kai itace birni su dawo da mangalar taki. Yau tifa ce ke juye sharar birni a bakin gona, kuma duk manomin da ya baza ta ya san abin da fartanyarsa ke tonowa: leda da famfas, da ba sa ruɓewa, awaki kuma suna bi suna ci. Tsumman auduga kuwa, in ya gama aikinsa, ƙasa tana cinye shi.

To amma sauƙin da nafkin ya kawo, aljihun wa ya shiga? Na maigida. Wahalar kuma ta sauka a hannun matarsa. Na ji magidanta a majalisa suna yabon komawa ga na gargajiya, alhali ba su taɓa tambayar bokiti nawa wankin yini yake ci ba. Wanda ya daina sayen famfas, wajibinsa ne ya biya ɗan garuwa ko ya tura yara tuƙa-tuƙa tun da safe, ya ajiye sabulu kada ya yanke, ya sayi nafkin da zai isa a yi ta juyi, wajen dozin biyu, don kada uwa ta ɗaura wa yaro mai danshi. Telolin kasuwar Gezawa za su iya ɗinka shi da yadin tawul ko fallen auduga, su sa masa maɓalli a huta da fil. Mu kuma masu zuwa barka, in za mu haɗa kuɗi ranar suna, mu kai wa mai jego dozin na nafkin da sandunan sabulu da bokiti mai murfi, mu miƙa mata a gaban kowa.