Daga Santorini zuwa Lagdo: wane baƙo arewacin Kamaru ke jira?

Tun daga watan Yulin 2025, gwamnatin Girka ta fara karɓar yuro 20, wato kimanin sefa 13,000, daga kowane fasinjan manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ya sauka a tsibirin Santorini ko na Mikonos a lokacin da baƙi suka fi yawa. Dalilin shi ne cunkoso. Mazauna Santorini ba su wuce 16,000 ba, amma miliyoyin mutane ke zuwa kowace shekara don kallon fararen gidajensa da faɗuwar rana a ƙauyen Oia. Ƙasar baki ɗaya, mai mutane kusan miliyan 10, ta karɓi baƙi fiye da miliyan 35 a 2024. Kuɗi sun shigo, amma ruwan sha ya yi ƙaranci a wasu tsibiran, hayar gida kuma ta fi ƙarfin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti.

A arewacin Kamaru lamarin akasin haka ne: akwai abin gani, babu mai zuwa. Kafin 2013, Turawa kan sauka a Garwa ko Marwa, su nufi gandun dajin Waza ko duwatsun Rhumsiki. A watan Fabrairun wannan shekara Boko Haram ta sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza. An sake su bayan wata biyu, amma ƙasashen Turai sun gargaɗi 'yan ƙasarsu da su guji yankin Arewa Mai Nisa. Masu yi wa baƙi jagora, da masu otal, da dukawa da maƙera masu sayar da kayan tsaraba, duk sai kasuwarsu ta mutu. Harkar ta dogara ne kacokan a kan baƙo ɗaya, ranar da ya ji tsoro kuwa kowa ya ji a jikinsa.

Duk da haka wuraren suna nan. Kudu da Garwa akwai tafkin Lagdo, wanda ya samu bayan da aka kammala madatsar ruwa a kan kogin Binuwai a 1982 da taimakon ƙasar Sin. A Najeriya an fi jin sunansa idan an sako ruwa, kamar lokacin ambaliyar 2012 da ta 2022. Kaɗan ne suka san cewa tafki ne mai tsibirai da ƙauyukan masunta a bakinsa, inda Musgum da Kotoko da Hausawa ke kamun kifi. A jihar Adamawa, Ngaundere na da tafkin Tison da gangaren ruwan Vina. Meiganga, hedkwatar gundumar Mbere, tana kan babbar hanyar da ta haɗa kudu da arewa, kuma ita ce ƙofar gandun dajin kwarin Mbere da aka kafa a 2004, da gangaren ruwan Lancrenon da ke kan iyaka da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Motoci na ratsa garin dare da rana, amma da wuya matafiyi ya kwana don ya ga wani abu. Hanyoyin shiga karkara na lalacewa da damina, sannan satar makiyaya don karɓar kuɗin fansa ta sa mutane ɗari-ɗari da daji.

Gasar cin kofin Afirka ta Janairun 2022 ta nuna inda baƙon yake. Da Super Eagles ta yi wasanninta a filin Roumde Adjia na Garwa, magoya baya sun kwararo daga Yola da Mubi da sauran garuruwan iyaka, masaukai suka cika, masu tsire da 'yan acaba suka yi ciniki. Wannan baƙon yana jin Hausa da Fillanci, yana da dangi a garin, ba ya jiran izinin wani ofishin jakadanci kafin ya taso. Haka ma ɗan kasuwar Yawunde da ke hawa jirgin ƙasan dare zuwa Ngaundere, da ɗan Cadi da ke biyowa ta Tuboro.

Abin da ya ɗaga tsibiran Girka tun farko shi ne jiragen fito masu tashi kan lokaci daga tashar Piraeus, da iyalai masu ba da hayar ɗaki suna dafa kifin da suka kamo. Irin wannan ba ya fi ƙarfin Lagdo ko Meiganga: hanya mai kyau, kwale-kwale mai rigunan kariya, masauki mai tsabta da farashinsa a rubuce, da rage shingayen da ke tatsar matafiyi.

Akwai kuma gargaɗi a labarin Santorini. Idan ƙananan hukumomi da sarakuna ba su tsara tun yanzu wanda zai mallaki filayen bakin tafki da yadda za a raba kuɗin shiga ba, ranar da kasuwa ta buɗe masu jari daga nesa ne za su kwashe riba, masunci ya koma ɗan kallo a bakin ruwansa. Tun ran gini, ran zane.