Bel ɗin Mota Ba Don 'Yan Rod Sefti Aka Yi Shi Ba

Duk wanda ya taɓa hawa Golf daga Jangebe zuwa kasuwar Talata Mafara ya san abin da nake nufi. Ana cusa mutum biyu a kujerar gaba, wani lokaci har da yaro a cinya, bel kuwa yana rataye ya yi ƙura. Sai an hau titin Gusau zuwa Sakkwato, direba ya hango jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, sannan ya jawo shi ya ɗora a ƙirji ba tare da ya maƙala ba, yana wucewa ya sake. Tun 2003 hukumar ta fara tilasta ɗaura bel a Najeriya, amma har yau muna kallonsa a matsayin hanyar kauce wa tara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu cewa ba sa buƙatar bel tunda motarsu tana da jakar iska. Jakar nan tana fashewa ne da ƙarfi cikin ƙasa da ƙiftawar ido, kuma an ƙera ta ne don ta tare wanda bel ya riga ya riƙe. Wanda bai ɗaura ba, da fuska zai tarbe ta. Yaron da ke cinya kuwa tana iya karya masa wuya. Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Shugabannin tasha, ku hana ɗaukar mutum biyu a gaba, iyaye kuma ku mayar da yara kujerar baya.