Jami'a da gona: wa zai riƙe aikin bayan masu ba da kuɗi sun tafi?

A shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID. Tun kafin nan, bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, ƙasashen Turai da dama sun dakatar da tallafinsu ga Nijar, hukumomin Yamai kuma sun janye wa wasu ƙungiyoyi izinin aiki, kamar Acted a watan Nuwamban 2024. Kowa na da ra'ayinsa a kan siyasar lamarin. Abin da ba a cika tayar da shi ba shi ne makomar ayyukan da suka haɗa malaman jami'a, cibiyoyin bincike da ƙungiyoyin manoma, waɗanda yawancinsu da kuɗin waje suke numfashi.

Ba ƙaramin abu ba ne za a yi asara idan suka mutu. Buhun PICS, mai ruɓi uku, da ake ganin sa yau a kasuwannin Maraɗi da Tasawa, ya fito ne daga haɗin gwiwar jami'ar Purdue ta Amurka da masu bincike na Afirka, ciki har da na INRAN reshen Maraɗi, kuma tun 2007 aka fara yaɗa shi. Dabarar ba ta da wuya: a ɗaure leda biyu a cikin buhu, iska ta ƙare, ƙwaron wake ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Manomin da a da yake kai wakensa kasuwa da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, yanzu zai iya jira har bazara. Haka kuma aikin yaƙi da tsutsar zangarniyar hatsi, inda ake kiwon wani ɗan ƙwaro mai kashe ta a sake shi a gonaki. INRAN da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sun daɗe a kansa tare da manoma.

Misalin da ya fi jan hankalinmu shi ne na FUMA Gaskiya, tarayyar ƙungiyoyin manoman jahar Maraɗi. A aikinta da INRAN da jami'ar Hohenheim ta Jamus, manoma, galibinsu mata, su ne suka gwada dabarun a gonakinsu. Ɗaya daga ciki ita ce takin fitsarin da aka ajiye a jarka har ya yi wata biyu zuwa uku, wanda aka sa wa suna Oga don kada sunansa na asali ya kori mutane. Binciken da aka wallafa ya nuna ƙarin amfanin hatsi kusan kashi 30 cikin ɗari. Wanda ke zaune a birni zai iya yamutsa fuska. Matar da gonarta ke nesa da gari, ƙasar ta gaji, kuma ba ta da kuɗin buhun takin zamani, lissafinta daban ne. Abin da ya sa aikin ya kama ƙasa shi ne ƙungiyar manoman tana da bakin magana tun daga zaɓen abin da za a bincika.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Sassaben zamani, wato barin kututtukan itatuwa su sake tohowa a gona ana yi musu aski, ya fara yaɗuwa a yankin Maraɗi tun wajen 1983, da taimakon Tony Rinaudo na ƙungiyar SIM. Manoma suka koya wa juna, daga ƙauye zuwa ƙauye. Sai bayan shekaru ashirin masu bincike na gida da na waje suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Dokar da ta tsara wannan aiki, ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya raina, ba ta fito ba sai a Yulin 2020. Shekara 37 ke nan tsakanin gona da takardar gwamnati, kuma a cikinsu manoma da yawa sun yi ta fargabar jami'an gandun daji a kan gawon da su da kansu suka tsare.

Wannan tazara ce ya kamata jami'o'inmu su cike, kuma yanzu ba mu da uzurin rashin su. Ban da Abdou Moumouni ta Yamai, tun 2010 akwai jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Kowace shekara ɗalibai na shiga ƙauyuka da takardun tambayoyi, a ba su ruwa, a ba su tabarma, a amsa musu. Sakamakon yakan ƙare a kundi da Faransanci, a kan kantar laburare. Mai gari bai gani ba, shugabar ƙungiyar mata ba ta ji ba, ma'aikatar magajin gari kuma ta ɗauko wani masani daga Yamai ta biya shi ya rubuta mata tsarin raya ƙaramar hukuma. Mun san malaman na fama da nasu matsalolin, ga ƙarancin kuɗin bincike, ga shekarun karatu da ke hawa kan juna. Amma komawa ƙauye a yi bayani da Hausa ko Zabarmanci a gindin bishiya ba ya cin miliyoyi. RECA ta riga ta nuna hanya da saƙonnin murya da take aika wa manoma ta WhatsApp.

Muna ganin ya kamata kowace jami'ar jaha ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita da kuma tarayyar manoma, ta yadda tambayoyin bincike za su taso daga ƙauyuka. Ɗalibin da ya yi bincike a wani gari kada a ba shi takardar kammalawa sai ya koma ya faɗa wa mutanen garin abin da ya gano. Gwamnati kuma, tunda ta ce ƴancin kai take nema har a fannin abinci, to a ga hakan a kasafin INRAN da na sassan koyar da noma. Abokan hulɗa na waje da suka rage a ci gaba da aiki da su, amma a rubuta tun ranar farko wanda zai ɗauki aikin idan kuɗinsu ya ƙare.

Ku kuma ƴan uwa da ke Abijan, Kano, Tarabulus ko Faransa, ƙungiyoyinku na ƴan gari ɗaya sun saba tara kuɗi don masallaci, rijiya ko aji. Kuɗin mota da abincin ɗalibi ɗaya da zai yi damina guda yana auna gonakin garinku bai kai na gina aji ba. Kafin ruwan bana ya sauka, ku nemi sashen noma na jami'ar jaharku, ku haɗa shi da ƙungiyar manoman garin, kuma ku sa sharaɗin cewa a gaban mai gari za a karanta sakamakon.