Kafin Yaro Ya Ajiye Darasi

Kwanan baya wani dattijo mai sayar da goro a Agege ya tare ni yana murna, ya nuna mini takardar sakamakon ɗansa ta ƙarshen zango. Yaron da a dā yake can ƙasa-ƙasa a ajinsu, yanzu ya hau na bakwai. Da na duba da kyau sai na ga gurbin Kemistiri fayau, babu ko ɗigon tawada. Ashe yaron ya ajiye darasin ne tun farkon aji biyu na babbar sakandare, uban kuwa ya dangwala hannu a takardar da aka kawo masa, bai tambayi kowa ba. Ga shi kuma duk unguwa an san burinsa, watau ɗansa ya zama likita ya koma gida ya taimaki mutanensu.

To, jama'a, gaskiya ne idan yaro ya fita daga darasin da yake kayar da shi, matsakaicin makinsa zai ɗaga. Wannan lissafi ne kurum: an cire lamba mafi ƙanƙanta, dole saura su yi kyan gani. Wani lokaci ma dabara ce mai kyau, domin yaron da ya ɗauki darussa tara alhali takwas sun wadatar, zai sami sukunin mayar da hankali ga sauran. Ba na faɗa da wannan.

Abin da nake ja da shi shi ne ɗaukar takardar zango tamkar ita ce alƙali. Alƙalin yana gaba. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da takwararta NECO, ba su ba da na ɗaya ko na bakwai. Kowane darasi da sakamakonsa, daga A1 zuwa F9, kuma daga C6 zuwa sama ne ake kira kiredit. Jami'a kuwa kiredit biyar take nema, ba kuma kowaɗanne biyar ba, sai waɗanda suka dace da fannin da yaro ya zaɓa. Mai son likitanci dole ya zo da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Ko da ya ci A1 a darussa takwas, in babu Kemistiri a ciki, ba za a ko buɗe masa ƙofa ba. Haka nan a jarrabawar JAMB, hukumar da ke tace masu shiga jami'a tun 1978, Kemistirin nan yana jiransa. An gudu gara ke nan an faɗa gidan zago.

Lokacin fita ma abin lura ne. Wanda ya ajiye darasi kafin makaranta ta aika da sunaye, babu wata alama da za ta bi shi. Wanda kuwa ya bari sai da aka yi masa rajista, aka biya kuɗi, sa'an nan ya ƙi shiga ɗakin jarrabawa, za a nuna a sakamakonsa cewa bai zauna ba.

Mu da muke zaune a Kurmi, daga Sabon Badun zuwa Shagamu da Idi-Araba, wannan ya fi shafarmu. Uba yana kasuwa tun asuba, takardar makaranta da Turanci take zuwa, kawun da ya yi boko kuwa yana can Arewa. Yaro ɗan shekara 15 shi ne mai karantawa, shi ne mai fassara, shi ne mai yanke hukunci. Wane yaro ne zai fassara wa ubansa abin da zai ƙara masa wahala?

Na roƙi dattijon nan ya bar rumfarsa na rabin yini, muka je muka ga shugaban makarantar. An yi sa'a ba a aika da sunaye ba tukuna. An mayar da yaron ajin Kemistiri bisa sharaɗin zai rama karatun zango guda da ya wuce shi, uban kuma ya ɗauki nauyin malamin da zai riƙa koya masa da maraice. Matsayinsa a aji zai sake sauka, na kuwa gaya wa uban haka tun a hanyarmu ta komawa.