Tsakanin Kofin Gudu Da Katin Sakamako

Sau biyu a shekara iyaye kan cika Facebook da WhatsApp da hotunan 'ya'yansu. Na farko shi ne a wannan zango na biyu da muke ciki, lokacin da hunturu ke ja da baya zafi kuma bai gama kankama ba, makarantu na shirya gasar wasanni tsakanin gidaje, wadda yara ke kira intahaus. Na biyu kuwa sai damina ta yi nisa, an rufe zango na uku, sakamakon WAEC da na NECO sun fara fitowa. Mai lura zai ga bambanci a kalaman da ke ƙarƙashin hotunan. Idan yaro ne rataye da lambar gudu a wuya, abin da uba zai rubuta bai wuce "yau an sha wasa" ba. Idan kuwa katin sakamako ne, sai ka ga addu'a sahu-sahu, a ambaci kakan yaron da irin kaifin ƙwaƙwalwar da ya yi, gwaggo da kawu su biyo baya da sa albarka har dare ya raba.

Ba na cikin masu ganin baiken uban da ya yi alfahari da ɗansa. Duk wanda ke biyan kuɗin makaranta a wannan zamani ya san abin da ya sha kafin a miƙo masa wannan kati. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kai yaro makaranta da ɗauko shi kaɗai ya zama wani kasafi mai zaman kansa a gidaje da yawa. Uwar da ta tashi tun asuba ta dafa abin da za a zuba a kula, ta wanke safa da daddare, ta zauna kan aikin gida alhali idonta na rufewa, idan ta yi guɗa ranar da aka kira sunan 'yarta a gaban jama'a, haƙƙinta ne ta karɓa.

Abin da nake so mu duba shi ne, alfaharin nan ba ya tsayawa a ƙirjin mai shi. Yaro yana karanta shi a fuska, kuma yara sun fi mu iya karatun fuska. Tun yana ɗan shekara bakwai ya riga ya gane abin da ke sa Baba ya ajiye waya ya dube shi, da abin da ke sa ya ce "to, madalla" idonsa na kan allon. Abin da ya ga yana haskaka fuskar mahaifinsa shi zai bi, ko ta wace hanya.

A gidajenmu, musamman mu da muka yi boko, ma'aunin ya karkata gefe guda. Wanda ya zo na ɗaya a aji ana yanka masa kaza, a kai shi gidan kaka a nuna. Wanda ya ciyo kofin gudun mita 400 kuwa, tambayar da ke jiransa a ƙofa ita ce ko ya yi aikin gidansa. Sau nawa muka ji uba yana cewa ƙwallo ce ta lalata yaron nan? Abin mamaki, idan ka ɗaga kai ka dubi hukuma sai ka tarar nata ma'aunin ya karkata ɗaya gefen. A watan Yulin 2025 da 'yan ƙwallon mata na Super Falcons suka doke Maroko da ci 3 da 2 suka ɗauko kofin Afirka karo na goma, Shugaba Tinubu ya sanar da kyautar Dala 100,000 ga kowace 'yar wasa, da gida, da lambar girma ta ƙasa. Makonni kaɗan bayan haka wata ɗaliba 'yar jihar Yobe mai shekara 17 ta yi zarra a gasar Turanci a Landan, aka yi ta kiraye-kirayen a karrama ta kamar yadda aka karrama 'yan ƙwallon, daga ƙarshe Ministan Ilimi ya miƙa mata cakin Naira 200,000. Mai karatu zai tuna irin cece-ku-cen da ya biyo baya. Yaron da ke da wayo yana kallon duka biyun: a gida ana ce masa ƙwallo shirme ce, a talabijin yana ganin wanda ƙasa ta ba gida. Ba mamaki idan ya daina yarda da mu gaba ɗaya.

Sai mu koma kan katin da muke rataye zuciyarmu a jikinsa. Shekarar 2025 ta isa ta koya mana taka-tsantsan. Da aka saki sakamakon JAMB, sama da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi daga cikin kusan miliyan biyu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. An yi ta zagin yara, an ce TikTok ta cinye su. Sai ga shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa matsalar na'ura ce ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba, WAEC ta fitar da nata sakamakon a watan Agusta, ta ce kashi 38 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen maki, adadin ya koma kusan kashi 63. A tsakanin sanarwar farko da ta biyu, Allah kaɗai ya san yawan yaran da aka yi wa gori a gida, aka hana su abinci cikin daɗin rai, a kan laifin da ba nasu ba.

Wancan kuskuren hukuma ne. Akwai wanda ya fi shi muni, domin da hannunmu muke yin sa. Kowa ya san irin makarantun da ake kwashe yaro daga inda ya yi shekara biyar a kai shi can ya yi rajistar jarrabawar ƙarshe, don an san a ranar za a rubuta amsa a allo. Yaro ba shi da kuɗin wannan rajista, uba ne ke biya. Sakamako ya fito da kiredit tara, a ɗora a Facebook, a sha addu'a. Uban ya san yadda aka yi, yaron ya sani, kuma yaron ya san uban ya sani. Ranar da ya shiga jami'a ya kasa rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya, sai a koma zagin malaman jami'a.

A nan ne filin wasa ya sha bamban. Idan aka busa usur yara takwas suka zabura a gudun mita 100, babu wanda zai rubuta wa ɗanka amsa a allo. Abin da ƙafarsa ta iya shi za ta nuna, a gaban abokansa, a gaban malamansa, a gabanka. Na san wani zai ce ai a wasanni ma ana rage shekaru, kuma akwai makarantun da ke hayar gardawa su sa musu riga idan za a kara da wata makaranta. Gaskiya ne. Amma a gasar cikin gida, inda kowa ya san ajin kowa, da wuya ƙarya ta yi tsawon rai. A tsarin karatunmu na yau, wannan na cikin 'yan wuraren da suka rage da uba zai ga ƙoƙarin ɗansa da idonsa, ba sai an ba shi labari a takarda ba.

Na ga haka a kan 'yata ta biyu. Ba ta taɓa zuwa na ɗaya a aji ba, tsakanin na biyar da na takwas take yawo, kuma yayarta ce gwanar kwasar kyaututtuka ranar rufe makaranta. Bara aka sa ta a gudun miƙa sanda, ita ce ta uku a gidansu, masu koren riga. Wadda za ta miƙo mata ta yi tuntuɓe, sandar ta faɗi, kafin a ɗauka sauran gidajen sun yi nisa. Da yawa daga cikin yara a nan suke tsayawa su fashe da kuka. Ita kuwa ta koma baya ta tsinci sandar, ta ruga kamar ana binta, ta cimma ɗaya ta wuce, ta miƙa wa ta ƙarshe. Na uku suka zo cikin gida huɗu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da ta gama haki ba wajena ta nufo ba, wajen yarinyar da ta yi tuntuɓen ta tafi ta dafa kafaɗarta. Babu gurbin da za a rubuta wannan a katin sakamako. Ni dai na tsinci kaina a tsaye ina ihu da babbar riga, har wani dattijo da ke kusa ya ce, "Malam, taka ce?" Na ce masa tawa ce, da ƙarfin da ban taɓa faɗin hakan ba.

Magabatanmu da suka fara boko ba su raba karatu da fili ba. A Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, wasanni na cikin tarbiyyar da ake ba ɗalibi kamar yadda Lissafi yake. Sardauna Ahmadu Bello can ya yi karatu, kuma an san shi da son fayis, ƙwallon nan da ake doka wa bango da tafin hannu, bai bar ta ba har ya zama Firimiyan Arewa. Babu wanda ya ce fayis ta lalata shi. Kafin boko ma, wane yaro ne ya tashi a ƙauye bai yi langa a dandali ba, bai gwada kokawa bayan girbi ba? Yau langa da dambe da kokawa suna cikin wasannin da jihohi ke karawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa, amma ɗan da muka haifa a birni ya fi sanin jerin 'yan wasan Real Madrid a kan yadda ake kama ƙafa a langa.

Ga masu tsoron cewa gudu zai cinye karatu, labarin Tobi Amusan ya ishe su nazari. Iyayenta malaman makaranta ne a Ijebu-Ode. Ta taɓa ba da labarin yadda mahaifinta ya ƙona kayan atisayenta don yana so ta maida hankali kan littafi, mahaifiyarta ce ke rufa mata asiri ta je fili. Gudun nan ne ya samo mata gurbin karatu kyauta a wata jami'a a Texas ta Amurka, kuma a watan Yulin 2022 ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12. Ban kawo ta don in ce kowane yaro zai zama ita ba. Cikin dubu da wuya a sami ɗaya, kuma uban da ya cire ɗansa daga aji don yana mafarkin Turai ya yi caca da rayuwar yaron. Na kawo ta ne saboda mahaifin. Mutum ne mai ilimi, mai son 'yarsa, kuma tsoron da ya sa shi ɗaukar ashana shi ne dai wanda ke zukatan yawancinmu.

'Ya'yanmu mata su suka fi ɗanɗana wannan tsoro. A firamare su ne gaba a gudun buhu da na ƙwai a cokali. Da zarar sun shiga ƙaramar sakandare sai a fara janye su, ranar gasa aikinsu ya koma fareti da riƙe tuta. Ina girmama damuwar iyaye game da sutura da cakuɗuwa, kuma damuwa ce mai magani: doguwar riga da wando da ɗan hijabi ba sa hana gudu, makarantar mata zalla kuma ba ta da wani uzuri. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ba sau ɗaya ba.

Sai dai duk wannan magana tana buƙatar fili, fili kuwa yana ƙarewa. Makarantun kuɗi da yawa a Kano da Kaduna da Zariya gidajen haya ne aka rarraba ɗakunansu, tsakar gidan bai isa a yi sahun asambali ba, balle gudu. Sau ɗaya a shekara za su karɓi kuɗin intahaus daga iyaye, su ɗinka riguna masu launi, su yi hayar fili da rumfa da makaɗan fareti, a ɗauki hoto, shi ke nan sai baɗi. Yaron da bai taɓa atisaye ba a sa shi gudun mita 800 cikin rana, ya zube, a yayyafa masa ruwan leda. Makarantun gwamnati su ke da filayen, su kuma an yi ta gutsurarsu ana jera shaguna a jikin katanga. Mutanen Kano ba su manta da rigimar filayen jama'a da ta kai ga rusau a 2023 ba.

Idan za mu sa yaro a makaranta mukan tambayi kuɗin zango, da yawan ɗalibai a aji, da yadda suka yi a WAEC bara. Ban cika jin uban da ya ce a zagaya da shi ya ga inda yara ke wasa ba. Masu makarantu 'yan kasuwa ne, abin da mai saye ke tambaya shi suke kawowa. Da iyaye suka fara tambayar ɗakin kwamfuta, cikin 'yan shekaru kowace makaranta ta tanadi nata ko da na nuni ne. Taron iyaye da malamai na makarantar su 'yata yana tafe ƙarshen watan nan, kuma na riga na rubuta tambayata a takarda don kada hayaniyar ƙarin kuɗin mota ta mantar da ni: awa nawa a mako yaran nan ke fita motsa jiki, a wane fili, kuma wane ne malamin da ke tare da su?