Kwalli a Idon Jariri

Tun kafin ranar suna, kaka kan ɗauko tandu ta rangaɗa wa jariri kwalli, wai ido ya yi haske. Sai dai kwallin dutse galibi cike yake da dalma. A 2011, a birnin Boston na Amurka, an auna kwallin da ake sa wa wani jariri ɗan asalin Najeriya, aka tarar kusan kashi 83 cikin ɗari dalma ce. Jariri kuwa da ya murza ido, hannu sai baki, kuma ɓarnar dalma a ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa.



Ya kamata hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta shiga kasuwanni ta auna kwallin nan, ungozoma kuma ta riƙa gargaɗin mai juna biyu tun a awon ciki.