Wai Abin Wasan Yara Ba Furojet Ba Ne?

Duk wanda ya taɓa zagawa bayan wokshop ya san maƙabartar da nake nufi. Injin ɓarar gyaɗa, injin surfe, injin markaɗe, wani ma ba ka iya gane me aka nufa da shi, suna nan jibge rana na dukansu, damina ta zo ta ɗora nata. Kowanne furojet ɗin wani ne. An fente shi kore ko shuɗi, an kunna shi minti biyu ranar difens, an ba da maki, an ɗauki hoto da shi, shi ke nan. Ni dai ban taɓa jin manomin da ya zo ya ce a sayar masa da ɗaya daga ciki ba.

Na fara da nan ne saboda abin da ya faru da ni bara, lokacin da aka ce kowa ya kawo taken furojet. Na rubuta cewa ina so in ƙera teburin wasan harbi mai inji: ɗan tebur da zabbin gwangwani ke wucewa a jere, yaro ya auna ya harba, wadda ya samu ta faɗi, inji ya sake tayar da ita. Malamin da na kai wa ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Yanzu kai duk matsalolin ƙasar nan, abin wasan yara ka ga ya dace?" Na ce, "Malam, ai akwai lissafi a ciki." Ya ce in je in sake tunani. Na je na sake, na kawo injin ɓarar gyaɗa, nan take aka sa hannu.

Bari in faɗi gaskiya ko da za ta ba ni kunya. Wancan injin ba ni na ƙera shi ba. Mu huɗu muka haɗa kuɗi, muka samo rahoton wasu da suka gama shekaru uku kafin mu, muka kai wa mai walda zanen da ke ciki. Ko duban zanen bai yi ba, don ya ce wannan ne na shida da zai yi wa 'yan makaranta. Mun ci maki mai kyau. Injin yana can baya tare da 'yan uwansa.

Teburin kuwa na yi shi da hutu, a zauren gidanmu da ke Darmanawa, bayan Asibitin Malam Aminu Kano. Kuma a kansa ne na fara jin cewa ni ɗalibin injiniya ne.

Na sayo tsohon injin waifa na mota a Ƙofar Ruwa. Na zaɓe shi ne don dalili biyu. Yana aiki da batir mai bolt 12, ba ruwana da an kawo wuta ko an ɗauke, kuma babu fargabar yaro ya taɓa wuta ta ja shi. Sannan yana da giyarsa a ciki, ba sai na nemi hanyar rage masa gudu ba. Na manna masa salatif na ƙirga da agogon waya, sai na ga yana juyawa kusan sau 45 a minti. Na ɗaura masa firiwil ɗin keke mai haƙora 18. Tsakanin gaɓa da gaɓa a sarƙar keke rabin inci ne, wato milimita 12.7, don haka kowane juyi ɗaya sarƙa na tafiyar kusan santimita 23. A minti ta yi mita 10 da 'yan kai, a daƙiƙa kusan santimita 17. Faɗin teburina santimita 90 ne, ke nan kowace zabuwa za ta ɗauki daƙiƙa biyar da ɗoriya kafin ta ƙetare. Wannan lissafin duk mun yi irinsa a aji, mun haddace mun zubar a jarrabawa. Amma ranar da na kunna injin na ga zabuwa ta ƙetare a daidai lokacin da takarda ta ce, wallahi sai da na tashi tsaye.

Murnar ba ta daɗe ba. Zabbin suka riƙa faɗuwa da kansu ba wanda ya harbe su, saboda sarƙa na karkarwa duk lokacin da haƙori ya kama ta. Na ɗaure hinjis ɗinsu tamau, sai ya zama ko ka samu zabuwa a ƙirji ba ta motsi. Kwana huɗu ina wannan fama. Baba mai walda na layinmu, wanda ko firamare bai gama ba, shi ya leƙo ya ce, "Ɗan boko, ai tsaye ƙyam ka ajiye su. Karkato su gaba kaɗan su jingina da wani abu." Na koma na sa wa kowace ɗan ƙarfen jingina ta gaba, na karkata ta kaɗan yadda nauyinta zai faɗa gaban hinji. Girgiza ba ta isa ta tura ta baya ba, amma ƙwallo na dukanta nauyin ya tsallake hinji, sai ta tafi. Abin da littafinmu ya cika shafi biyar yana bayani da kibiyoyi ke nan. Na ƙara da shimfiɗa dogon katako a ƙarƙashin sarƙar don ta daina lilo. Tayar da waɗanda suka faɗi kuwa bai buƙaci wani inji ba: lanƙwasasshen rodi na sa a kwanar da sarƙa ke juyawa, duk zabuwar da ta zo a kwance sai ta hau kansa ya miƙar da ita a hankali.

Sai matsalar da ban taɓa hango ta ba. Na kira ƙannena da abokansu su gwada, kafin la'asar sun gaji da shi. Sun gane tafiyar. Ƙanwata 'yar shekara tara ta ce, "Yaya, ai ko ido rufe zan same su." Haka ne kuwa, don abin da ke tafiya da gudu ɗaya kullum, ƙirga kawai za ka yi ka saki. Inji na aiki lafiya lau, wasa kuma ya mutu.

A nan ne faifai mai doro ya shigo, wanda muke kira kam a aji. Na ƙara jeri na biyu a baya, kawunan zomaye biyu masu leƙowa su koma. Na yanka faifan katako biyu, kowanne da doronsa. Ɗaya na kan sandar injin, ɗayan na kan wata sanda da na haɗa da babban farantin keke mai haƙora 44. Tunda ƙaramin 18 ne babban 44, sai ƙaramin ya juya sau 22 babban ya juya sau 9 kafin su koma yadda suka faro tare. Kusan daƙiƙa 29 ke nan kafin salon leƙen zomayen ya maimaita kansa, kuma ba yaron da zai riƙe wannan a ka yana kuma auna zabbi. Ba kwamfuta, ba wani allon lantarki, haƙoran keke ne kawai da lissafin firamare na neman lambar da biyu za su haɗu a kanta.

Na yi kuskure ɗaya da har yanzu idan na tuna gabana ke faɗuwa. Da farko ƙwallon boris na sa a matsayin harsashi, sifirin na cilla shi. Rana ta biyu ya daki gwangwani ya dawo, ya wuce ta gefen idon wani yaro ya fasa gilashin taga. Hajiya ta ce ko in gyara ko in fitar mata da shi daga gida. Na koma ƙwallon tebur mara nauyi, na rage ƙarfin sifirin, dole kuma na sake zabbin da gwangwani mafi sirantaka don ƙwallon ya iya kayar da su. Na rufe sarƙa da farantai ruf da katako don kada yatsa ya shiga. A injin ɓarar gyaɗarmu bel yana nan a buɗe, kuma a cikin malaman da suka zauna difens ba wanda ya tambaye mu murfinsa, domin kowa ya san ba wanda zai taɓa amfani da shi.

To ga abin da nake so mu duba. Yaro shi ne alƙalin da ba ya karɓar uzuri. Ba za ka ce masa "da an samu kuɗi da an inganta" ba, kamar yadda muke rubutawa a babi na biyar. Zai jijjiga tebur, zai tura hannu inda ba ka zata ba, zai yi awa uku yana kunnawa yana kashewa. In kusa ta yi sako-sako a ranar za ka sani. Wane furojet ne a cikin na bayan wokshop aka taɓa yi wa irin wannan gwaji?

Masu raina abin wasa su ɗan leƙa tarihi. A Bagadaza, a ƙarni na 9, 'yan uwan nan uku da ake kira Banu Musa sun rubuta Kitabul Hiyal, mai ɗauke da na'urori kusan 100, kuma da yawansu tuluna ne da butoci na ban mamaki da nishaɗi. Al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar sarakunan Diyarbakir a ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa a 1206. A ciki akwai injinan ɗaga ruwa, akwai kuma jirgin ruwa mai ɗauke da mutum-mutumin makaɗa da ke kiɗa da kansu don faranta wa baƙin sarki. Turakun da ke kan sanda mai juyawa suna ɗaga hannun makaɗan nan, dabararsu ɗaya da faifan da ke ɗaga zomayena, ɗaya kuma da abin da ke buɗe bawul a injin babur ɗin da ka hawo zuwa makaranta yau. Shi bai ga wani bango tsakanin injin ban ruwa da na ban dariya ba.

A kusa-kusa kuma, kamfanin Nintendo na Japan katin wasa yake bugawa tun 1889. Wani ma'aikacinsu mai suna Gunpei Yokoi, wanda aikinsa kula da injinan masana'anta ne, ya ƙera wani hannu mai miƙewa yana wasa da shi a lokacin da ba aiki. Shugaban kamfanin ya gani, bai kore shi ba, ya ce a mayar da shi haja. A 1966 aka fitar da shi da sunan Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Mutumin nan shi ya jagoranci ƙera Game Boy da ya fito a 1989, kuma an san shi da fifita tsofaffin kayan da suka yi araha a yi musu sabon amfani. Da ya zo Ƙofar Ruwa da sai an janye shi da ƙarfi.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce ƙasa na fama da yunwa, manomi na buƙatar inji, politeknik ba don wasa aka kafa ta ba. Na yarda. Amma manomin bai samu injin ba ai. Abin da ya faru shi ne mai walda ya samu kuɗi, mu mun samu maki. Wanda bai taɓa sa ƙaramin inji ya yi aikin awa uku ba tare da ya tsaya ba, ta yaya zai ƙera babban da zai yi kaka guda a gona? Mu kan so abu mai girman suna. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura, kuma ya cancanci yabon da ya sha. Sai dai darasin da yawancinmu muka ɗauka shi ne in ba jirgi ba ne ba abin a nuna ba ne. Muka manta cewa ba wanda ke farawa daga jirgi.

Wani abokina kuma ya kawo nasa: ba ka tsoron a ce caca ka ƙera? Tambaya ce mai kyau a garin nan. Shi ya sa ranar Sallah da na fito da teburin ƙofar gida ban sa kyauta ga wanda ya ci ba. Yaro ya biya ɗan abin da ya samu, ya yi harbi biyar, ya koma layi, kamar yadda ake biya a hau lilo a Gidan Zoo. Yaran da iyayensu ba su da halin kai su can suka yi dafifi har magariba. Batir ne ya fara gajiya kafin su. Abin da na tara a kwana uku ya mayar mini da kuɗin injin waifa da katako, har na biya gilashin Hajiya. Je ka Kasuwar Sabon Gari ka duba kayan wasan yaran da ke rataye a shaguna, ka nemo wanda aka ƙera a Kano. Kasuwa ce sukutum muka bar wa wasu, muna cewa ta yi mana ƙanƙanta.

Ba cewa nake kowa ya koma ƙera zabbin gwangwani ba. Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai shi ne su kai wa hukumar makaranta magana ɗaya: a daina auna furojet da girman sunansa, a auna shi da aikinsa. Duk injin da aka kawo difens a kunna shi ya yi awa ɗaya cur, a hannun wanda ba ya cikin waɗanda suka ƙera shi. In na gyaɗa ne a zuba masa buhu, ba kwano ɗaya ba. Sannan a tambayi ɗalibi me ya fara lalacewa, kuma ya ya gyara. Wanda ya saya ba zai iya amsa wannan ba, mu ma bara da an tambaye mu da mun yi zuru.

Kafin hukuma ta motsa, ƙungiya na iya yin nata. A makon ɗalibai ana kashe kuɗi a kan kiɗa da gasar ƙwallo. A ware yini ɗaya da rumfa ɗaya, duk mai abin da ya ƙera da hannunsa ya kawo, komai ƙanƙantarsa, a gayyato 'yan firamare na kusa a sake su a kai. A gayyato masu walda da kanikawa su ma su zo su yi mana dariya inda ta kama. Ni zan ɗauko nawa a Adaidaita daga Darmanawa. Firiwil ɗin ya fara cinyewa, zomo ɗaya kuma yana maƙalewa in katako ya sha raɓa, don haka duk ɗan shekarar farko da ke da dabarar abin da zan sa a madadin faifan katako ya same ni a wokshop ranar Laraba bayan azahar.